Awa Huɗun da Kawu Ya Ba Ni

Aikinmu a garin Greensboro na Amurka duka ne. Daga ƙarfe bakwai na safe babu abin da muke yi sai dukan katako. Manyan motoci su juye mana tulin falet, wato katakon nan da ake ɗora kaya a kai a manyan sito, wanda ya karye da wanda ya ruɓe, mu kuma mu ɓamɓare inda ya lalace mu buga sabo. Ƙarfen ɓamɓara a hannu, guduma a gefe, bindigar ƙusa tana ta tas! tas! tas! har kunnenka ya daina jin kiran sunanka. Ƙasa kuwa duk ƙusoshi ne masu tsatsa, wasu a kwance, wasu a tsaye. Filin yana bayan gari a hanyar Pleasant Garden, kuma kamfanin yana da irinsa a wasu garuruwa, ma'aikatansa sun haura ɗari. Ba zan faɗi sunansa ba, Allah ya san shi.

Aikin ya dace da ni, don ni mutum ne mai zuciya. Tun ina firamare a Gusau mahaifiyata take cewa zuciyar nan tawa ita za ta kai ni ta baro. A filin falet sai na samu inda zan riƙa sauke ta. In raina ya ɓaci, in samu katako in yi ta jibga har ya tarwatse, kuma a biya ni.

Kawu ne ya samo mini aikin. Ƙanin mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru, matarsa da 'ya'yansa huɗu suna gida. Ɗaki da falo muka kama a bayan Gate City Boulevard, kusa da shagon da muke sayen manja da garin tuwo, shi a ɗaki ni a kan kujerar falo. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, ban taɓa jin ya zagi ko kare ba. Yana da ciwon sukari mai tsanani, allura safe da yamma, kuma abin da ya riƙe shi a tsaye shi ne wani ɗan kati shuɗi na inshorar lafiya da kamfani ya ba shi. Da katin nan yake karɓar allurarsa a kan kuɗi kaɗan. Da shi yake zuwa wurin wata likita duk wata uku, ta sa shi ya cire safa, ta riƙa tsikarar tafin ƙafarsa da wani siririn abu tana tambayarsa ko ya ji. Yakan dawo yana dariya ya ce matar nan ta fi uwar 'ya'yansa sanin ƙafarsa. Ta gaya masa jijiyoyin sun fara mutuwa, in ya yi wasa da magani ƙafar ce za ta fara tafiya.

A allon rabon aiki Kawu yana da awa talatin da uku a mako. Ni sabon zuwa, ashirin da biyar. Abin da nake samu ba ya kai ni ko'ina, kullum cikin ƙunci nake, ina zagin mota, ina zagin sanyi, ina zagin wanda ya ce mini Amurka aljanna ce. Wata Juma'a mun fito masallaci muna cin shinkafa a cikin mota, sai Kawu ya ajiye cokali.

Ya ce, "Kai, talatin da uku da ashirin da biyar nawa ke nan?"

Na ce, "Hamsin da takwas, Kawu."

Ya ce, "To a raba biyu. Ɗan 'yar'uwata ba zai riƙa lasar kwano ina ƙoshi ba. Me zan ce wa Yaya in ta tambaye ni?"

Haka aka raine mu. Naman layya a kasa shi daidai, goro ɗaya a ɓare biyu, babba ya ɗauki nasa ya tura wa ƙarami. Na ce a'a sau biyu kamar yadda ake yi, a na uku na karɓa. Amma wallahi tun a na farko zuciyata ta riga ta karɓa, bakina ne kawai yake alkunya.

Ranar Litinin muka shiga ofishin manaja. Bature ne dogo jajir, a Summerfield can wajen gari yake zaune, da hoton dokinsa a kan tebur. Mutumin da in ka nemi hutun kwana ɗaya sai ya yi mako yana ja maka rai, ranar nan ba mu gama bayani ba ya jawo takarda ya sa hannu. Har da miƙewa ya ba mu hannu. Ya ce mu mutanen kirki ne, ina ma danginsa haka suke. Muka fito Kawu yana cewa ka ga, Turawa ma sun san zumunci. Ni da shi muka koma awa ashirin da tara kowannenmu, muna ta murna kamar an ba mu kujerar Makka.

Wata goma muka yi a haka. Da ganyen bishiyoyi ya fara zuba, sai ga wasiƙa ta zo wa Kawu daga babban ofishin kamfani. Na karanta sau uku ban gane ba, abu ɗaya dai na tsinta, daga farkon sabuwar shekara babu shi a inshora. Washegari lokacin cin abinci muka kai wa Alhaji. Alhaji mutumin zangon Kumasi ne, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya, ya fi shekara ashirin a ƙasar, babu takardar Turawa da ke ba shi tsoro. Ya karanta, ya dubi Kawu, ya tambaye shi awa nawa yake yi yanzu. Kawu ya gaya masa, ya kuma ba shi labarin rabon da muka yi, har yana ɗan murmushi.

Alhaji ya dafe kai. Ya ce da yarensu na Kumasi, "Ei! Asem! Malam, wa ya aike ku? Me ya hana ku tambaye ni?"

Sai ya zauna a kan falet ya warware mana. Dokar ƙasar nan ta ja layi a kan awa talatin a mako. Duk kamfanin da ke da cikakkun ma'aikata hamsin ko fiye, wanda ya kai talatin shi ne fultayim, wato cikakken ma'aikaci, dole a yi masa tayin inshora, in ba haka ba gwamnati ta ci kamfanin tara mai zafi. Wanda bai kai ba kuwa, ko da rabin awa ce ta rage, babu ruwan kowa da shi, ba inshora ba tara. Kuma ba mako ɗaya suke dubawa ba. Watanni suke tarawa su raba, abin da ya fito a kansa za ka zauna shekara guda cur.

Ya nuna mana allon da ke jikin bango. Ya ce, "Ku karanta. Ashirin da takwas, ashirin da tara, ashirin da tara, ashirin da bakwai. Kun zaci haka kawai ya faɗo daga sama? Kai, Malam, kana cikin 'yan kaɗan da suka tsallake layin tun da, ba su da hujjar taɓa ka. Sai ga shi ka kawo kanka a faranti. Wasu ma suna can suna ta ƙoƙarin a mayar da layin arba'in. Ranar da aka yi haka, ni mai arba'in zan wayi gari da talatin da tara."

Rashin sani ya fi dare duhu. Awa huɗun da nake ci duk mako, ashe allurar Kawu nake ci.

Muka koma wurin manaja a take. Kawu ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani mahaluƙi ba, ya ce kuskure muka yi, a mayar masa da awanninsa. Manaja ya buɗe hannuwa ya ce lissafin bana ya rufe, na'ura ce a babban ofishi take yi, shi ba shi da iko. Na ce to a mayar da awannin yanzu don baɗi. Ya ce ai an ba shi umarni daga sama kada ya ƙara wa kowa ya wuce ashirin da tara. Ke nan ko na ajiye huɗun, ba Kawu za a ba ba. Ban san lokacin da na matsa gaba ba, sai dai na ji hannun Kawu ya damƙe mini wuyan hannu, farcensa har ya shiga fata. Ya ja ni waje kamar akuya, ya kai ni bayan tulin katako.

Ya ce, "Rantse mini."

Na ce, "Kawu, mutumin nan ya sani! Ya san abin da yake yi ya yi mana dariya!"

Ya ce, "Na ce ka rantse ba za ka taɓa kowa a wurin nan ba. Ni aka cuta, ni kuma na ce a bari. Rantse."

Na rantse da Allah.

Akwai wani laifin nawa da ba zan ɓoye ba. Alhaji ya gaya mana akwai inshorar da mutum ke saya da kansa ta hanyar gwamnati, a intanet ake cikewa, ana rage wa masu ƙaramin ƙarfi, amma tana da lokacin buɗewa da na rufewa. Kawu ba ya jin Turancin takarda, sai na ce ya bar mini. Na fara a waya, suka nemi wannan lamba, suka nemi waccan takarda, shafin ya kore ni sau biyu, na yi tsaki na jefar da wayar na ce gobe. Gobe ta zama jibi. Na kama aikin kai abinci da yamma don in riƙa taimaka masa, na manta. Ranar da na koma, an rufe. Na gaya wa Kawu, ya ce Allah bai nufa ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da shekara ta juya ya je kantin magani, aka faɗa masa kuɗin allurarsa ba kati, ya dawo da rabin abin da ya saba karɓa. Ya fara yin allura sau ɗaya a rana, wani lokacin ya tsallake. Zuwa wurin likitar ƙafa ya tsaya. Yana ramewa a idona, wandonsa yana zamewa, yana shan ruwa kamar raƙumi. In na ba shi kuɗi ya karɓa ya yi godiya, sai daga baya in ji ya tura gida kuɗin makarantar yara. Ranar da na gano haka na ɗauki tukunyar miya na maka da bango. Miyar kuka ta yi ta gangarowa a jikin farin fenti, shi kuwa ya tashi ya ɗauko tsumma ya fara gogewa. Na tsani kaina, na tsani haƙurinsa, na tsani garin gaba ɗaya.

Wata Lahadi da safe, bayan sanyi ya fara ja baya, na shiga banɗaki bayansa na ga sawun ƙafa ɗaya a kan tayil, ja. Na bi sawun har ɗakinsa. Yana zaune yana lazimi, jini yana tsattsafowa daga tafin ƙafarsa ta hagu, shi ko a jikinsa. Na ɗauko takalmin aikinsa na zura hannu, sai wani abu ya yage mini yatsa. Ƙusa ce ta falet, ta huda ƙasan takalmin ta fito ciki kusan tsawon gaɓar yatsa. Kwana nawa ya yi yana taka ta, yana ɗaukar katako a kanta, shi kansa bai sani ba. Bai ji komai ba. Ramin da ta yi masa ɗan yatsana zai shiga.

Na ce asibiti. Ya ce a'a, ba shi da kati, ba zai je a ɗora masa abin da zai hana 'ya'yansa karatu ba. Ruwan zafi da gishiri, zuma, man habbatus sauda, a ɗaure da tsumma. Ya ci gaba da zuwa aiki yana ɗingishi. A mako na biyu wari ya fara tashi a gidan, irin na mushe, na fesa turare ya ƙi ɓoyuwa. Ranar Litinin da safe ya kasa tashi, jikinsa zafi kamar garwashi, yana kiran sunan matarsa. Na ce yau kam ko za a mutu sai an tafi. Na sunkuce shi na saɓa a kafaɗa. Mutumin da bai taɓa zagin kare ba ya riƙa dukan bayana da dunƙulallen hannu, ya cije ni a kafaɗa, yana ihu, "Sauke ni, ɗan banza! Sauke ni, mara kunya!" Maƙwabta suka leƙo. Na cusa shi a mota na kulle ƙofa, ya yi ta dukan gilashi har ƙarfinsa ya ƙare.

A asibiti da almakashi suka yanke tsumman. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, tafin ya kumbura ya fashe. Wata nas ta juya kai. Likita ya ja ni gefe ya ce cutar ta kai ƙashi. Za su yanke ruɓaɓɓen naman, su ɗura masa magani ta jijiya, su ga kwana kaɗan. In ta tsaya, to. In ta ci gaba da hawa, dole a cire ƙafar don a ceci ransa. Ya tambaye ni me ya sa muka daɗe haka.

Wata mata mai kula da takardun marasa lafiya ta ce in dai a wurin aiki ya taka ƙusar, akwai wata inshorar haɗarin aiki daban, wadda ba ruwanta da awa talatin, sai dai a samo rahoto daga kamfani. Ranar Alhamis da safe na leƙa Kawu, zazzaɓin ya ɗan sauka, ya riƙe mini riga ya ce kada in daɗe, Turancin likitocin nan gudu yake yi masa. Na ce awa biyu kawai, Kawu. Na sa takalmin a leda da ƙusar a jikinsa, na nufi filin.

Rana tsaka na shiga ofishin. Na ajiye takalmin a kan tebur kusa da hoton dokin, na yi magana a hankali, Allah shaida ne a hankali na fara. Manaja ya ɗaga takalmin da yatsa biyu ya leƙa ya ajiye. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba a kawo rahoto ranar da abin ya faru ba, babu wanda ya gani, ƙusa kuma ko'ina akwai ta a duniya. Shi ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba, in muna so mu nemi lauya.

Na ce, "Ranar da muka zo raba awa, ka san zai rasa inshorarsa?"

Ya ce, "Kowa ya san wannan."

Na ce, "Mu ba mu sani ba."

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Ku kuka roƙa, ni na sa hannu. Ba a biyana don in koya wa manya lissafi."

Takalmin nan yana da ƙarfe a hanci. Na ɗauke shi na shimfiɗa masa a fuska da duk ƙarfin da na tara a filin nan. Na ji hancinsa ya ba da wani sauti kamar an taka busasshen kara. Ya faɗa baya da kujera, na tsallake tebur na hau ruwan cikinsa, na ci gaba. Baki, ido, kunne. Jini ya wanke masa riga, haƙori ɗaya ya gangara ƙarƙashin tebur. Ina duka ina zaginsa da Hausa, uwarsa, ubansa, dokinsa. Ba zan yi ƙarya ba, dukan farko daɗi ya yi mini, daɗin da ban taɓa ji ba a ƙasar nan. Sai da ya rufe fuska da hannuwa yana kuka kamar yaro, yana cewa yana da 'ya'ya, shi ma aiki aka sa shi, sannan hannuna ya tsaya. Amma zuciyar ba ta tsaya ba. Na fita na wawuri ƙarfen ɓamɓara, na nufi na'urar da muke danna yatsa ta ƙirga mana awa, na yi ta sara har ta zube da wayoyinta a waje. Na farfasa allon rabon aikin. Na farfasa tagar ofis.

Alhaji ne ya shaƙe ni ta baya, wasu 'yan Meziko biyu suka riƙe mini ƙafafu, muka zube gaba ɗaya a kan tsakuwa. Yana ce mini a kunne, "Ya isa, ɗana, ya isa, ka kashe kanka." 'Yan sanda suka iso da bindigogi a zare. Ɗaya ya danna mini gwiwa a gadon baya har numfashina ya ɗauke, bakina cike da ƙasa da jini, aka murɗe hannuwana aka sa ankwa. Suna tura ni mota nake ta ihu cewa kawuna yana asibiti yana jirana, babu wanda ya ko kalle ni.

Kwana biyu na yi a rufe. Abin da ya biyo baya a kotu da korar da aka yi mini daga aiki, duk na cancance su, ba su ne labarin ba. Ranar Asabar da azahar Alhaji da mutanen masallaci suka yi belina. Na shiga motarsa, ya tayar, muka kama hanyar asibiti. Da muka tsaya a danja sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An yanke jiya da safe. Ƙasan gwiwa. Cutar ta hau da sauri, ba su iya jira ba. Ni kuma ina ofishin 'yan sanda ina neman inda aka kai ka."

Na shiga ɗakin na samu Kawu a kishingiɗe. Bargo ya tashi a gefen dama, a hagu kuwa daga gwiwa ya kwanta shafal a kan katifa. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa matsawa. Ya yafito ni da hannu. Na matsa. Ya sake yafitowa, na sunkuya har fuskata ta kusa tasa, na zaci raɗa zai yi mini. Sai ya ɗauke ni da mari. Hannun ba shi da ƙarfi, da allurar ruwa a jikinsa, amma ban taɓa shan marin da ya shige ni kamar wannan ba.

Ya ce, "Wannan ba na awa huɗu ba ne. Ni na ba ka su, ko gobe aka dawo zan sake ba ka. Ba na takardar da ka manta ba ne kuma. Ka rantse mini da Allah."

Na durƙusa a ƙasa na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Sun zo da takarda su huɗu suna ta magana. Suka kira wani a waya ya fassara mini, Hausarsa ma da ƙyar nake ganewa. Na ce su jira ɗana yana zuwa, awa biyu ya ce. Na yi ta kallon ƙofar nan. Suka ce ba lokaci. Na sa hannu a yanke mini ƙafa, babu wani nawa a ɗakin da zai ce mini ko sannu. Wata baƙar mata mai shara ce ta riƙe mini hannu har bakin ɗakin tiyata. Ka huce yanzu?"

Kuka nake yi kamar mace mai naƙuda. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce in tashi, akwai aiki. Ya ce ya roƙi likitocin kada su ƙona ƙafar tare da sharar asibiti, jikin Musulmi ne, binnewa ake yi. Sun yarda, amma sai an bi ta hannun masu shirya jana'iza, da takardu. Ya ce, "Wannan takardar kam ka cike ta."

Kwana biyar ina zirga-zirga, limamin masallacinmu ya taimaka. Ranar Alhamis da hantsi aka miƙo mini ita a cikin wani dogon kwali, da sanyin firji a jikinsa. Ni da Alhaji da liman muka fita bayan gari inda ake binne Musulmi. A cikin mota na buɗe, muka naɗe ta da farin yadi. Liman ya ce ba a yi mata salla tunda mai ita yana raye, rami kawai za a yi mai zurfi. Alhaji ya miƙo hannu zai taya ni ɗauka, na ce ya bari. Daga inda muka ajiye mota zuwa ramin akwai ɗan nisa, na rungume ta a ƙirji na bi bayansu. Sau biyu ina tsayawa in gyara riƙo. Ban san ƙafa tana da nauyi haka ba.